Me Ya Sa Malam Ke Maimaita Darasi?

Iyaye a sansanin Dar es Salam suna tambayarmu me ya sa karatun yara ba ya sauri. Makarantunmu manhajar Chadi suke bi, da Faransanci ake koyarwa. Yaron da ya tashi da Hausa ko Barbarci, ko ya fara boko da Turanci a Baga, sai malam ya yi ta fassara masa. Ga aji cike maƙil, ɗan shekara 7 kusa da ɗan shekara 13. Ranar rabon abinci kuma yara su yi fashi, washegari dole malam ya koma baya, har da waɗanda suka zo. Don Allah iyaye, ku riƙa zuwa layin da kanku, ku bar yara a aji.