Mujallar Dragon da Rabuwar Kan Masu Karatunta

A 1976 kamfanin TSR na Amurka ya fara buga mujallar Dragon domin masu wasan Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi, mutum ɗaya yana jan labari. Sai dai buƙatun masu karatu sun sha bamban. 'Yan wasa na son sababbin dokoki da dabarun sihiri, jagoran wasa kuwa shiryayyen labari da taswira yake nema. Idan aka haɗa su a mujalla ɗaya, ɗan wasa zai leƙa sirrin labarin, armashi ya tafi. A 1986 kamfanin ya raba gardama da mujallar Dungeon, wadda aka keɓe wa shiryayyun labarai. An daina buga mujallun biyu a takarda a 2007.