Yadda A Ke Kafa Majigi A Wurin Biki

Tun da na dawo daga hutu, 'yan ajinmu su ke ta tambayata me na yi a gida har hannuwana su ka yi kanta haka. To, ga amsa. Yayana yana da kayan kiɗan biki, irin waɗanda a ke kira DJ, ni kuwa na zama yaronsa, ina ɗaukar lasifika ina jan waya daga Wunti zuwa Yelwa, daga Yelwa zuwa Fadaman Mada. A cikin kayan duka, babu wanda ya ba ni wuya kamar majigi. Da ya ke yawancinmu gobe malamai ne, wata rana kuma lalle hedimasta zai ce da ɗayanmu, "Malam, zo ka haɗa mana wannan abu," na ga ya kamata in faɗi abin da na koya.

Sunan nan majigi tsoho ne. Daga Turanci ya fito, daga sunan wata fitila da a ke haska hotuna da ita a bango tun ba a fara silima ba. A zamanin Turawa wani jami'in tsabta mai suna William Sellers ya yi ta nuna finafinan kiwon lafiya a Nijeriya, a 1939 kuwa a ka kafa hukumar yin finafinai domin ƙasashen da Ingila ke mulki, a ka ba shi shugabancinta. Mota ce ke zuwa gari da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a fili, galibi kusa da ƙofar fada, tafinta na bayani da Hausa. Tsofaffi har yau su kan ba da labarin Baban Larai. Mu mutanen Bauchi ma muna da namu rabo, gama littafin Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi malanta a Midil ta garin nan, shi ne Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Na'urar ta canja, yanzu kwamfuta ce ke ba ta hoto, amma wahalar mai kafa ta tana nan: iska, da ƙura, da haske, da yara.

Abu na fari, majigi aikin rana ne, ko da ya ke da dare a ke kallonsa. Mu kan isa wurin biki da la'asar sakaliya, mu duba inda fitilun rumfa za su haska da inda motoci za su shigo, sa'an nan mu zaɓi wurin allo. Majigi ba ya iya yin baƙi. Baƙin da ka ke gani a hoto duhun wurin ne kawai, saboda haka fitila guda da ta dubi allo ta isa ta mai da amarya kamar an wanke ta da toka. A ɗaga allon yadda gindinsa zai wuce kan mutumin da ke zaune a kujera. A ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu, a danne ƙafafunsa da bulo ko buhun yashi, don da hunturu allo ya kan cika da iska ya nemi tashi.

Sai lissafi, ga shi kuwa ba wuya, ɗan aji biyar ma ya yi shi. Kowane majigi da gwargwadon nisan da ya ke so, yana nan rubuce a takardarsa. Namu yana son nisa ya zama faɗin allo sau ɗaya da rabi. Allonmu ƙafa 8 ne, watau tebur zai tsaya ƙafa 12 daga gare shi. Hoton zamani kuwa kashi 16 ne a faɗi, kashi 9 a tsayi, saboda haka faɗin ƙafa 8 zai ba ka tsayin ƙafa huɗu da rabi. Masu biki kullum su kan ce a ƙara girma. Amma in ka ja baya har faɗin ya ninka, hasken nan guda zai bazu a fili ninki huɗu, hoton ya dushe. Ni dai na fi son ƙaramin hoto mai haske da babba wanda ba a gane fuskar ango. A kuma sa majigin daidai tsakiyar allo. In ya karkace, hoton zai fito da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Akwai maɓallin gyara wannan, amma yana rage kyan hoto, gara a gyara teburin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, watau waya. Iri uku mu ke yawo da su. Akwai tsohuwa mai kai uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti. Hotonta ba shi da tsabta, sai don larura. Akwai VGA, wadda yawanci kanta shuɗi ne, mai allura 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Hoto kaɗai ta ke ɗauka, ba ruwanta da sauti, in kuwa allura ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga kowa ya koma kore ko ja. Ta uku ita ce HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare. Ta fi su duka, amma ba ta son tsawo. In ta wuce kamar mita 10 zuwa 15, hoto ya kan riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya ƙi fitowa sam. In nisa ya yi yawa, akwai waɗansu 'yan akwatuna biyu da a ke sawa, ɗaya nan ɗaya can, a haɗa su da wayar intanet. Mu dai mu kan matso da kwamfutar kusa da majigin, ya fi arha.

Wannan HDMI ita ta kunyata ni. Wani dare a wata unguwa bayan Kofar Ran, dangin amarya sun kawo bidiyon ƙaninta da ke karatu a waje, yana yi mata murna. Uwar ta shekara biyu ba ta gan shi ba, ta sa a ka kawo mata kujera gaba. Na kunna. Yaro ya fito, bakinsa na motsi, manyan lasifikanmu shiru. Ashe da na soka wayar, kwamfuta ta tura sautin zuwa 'yar lasifikar cikin majigi, wadda ko kukan janareto ya fi ta ƙarfi. Tsohuwa ta juyo ta ce, "Yaro, ɗan nawa bebe ya koma a can?" Jama'a su ka kwashe da dariya, ni kuwa zufa ta karyo mini. Yayana ya zo ya ce, "Kauce, ƙane." Ya shiga wurin zaɓen sauti, ya mai da shi ta kafar da ke zuwa na'urar haɗa sauti, a ka sake daga farko. Da mu ka koma gida na ce, "Yaya, ai na gwada da rana." Ya ce, "Hoto ka gwada." Gaskiyarsa kuwa, ban saurari komi ba.

Ko wace waya ce, kada a bar ta a sarari inda a ke rawa. A bi da ita ta gefen bango, inda dole ta ƙetare hanya a rufe ta da tabarma ko a liƙe ta da salatif mai faɗi. A ɗaure ta a ƙafar tebur kafin a soka, don in yaro ya yi tuntuɓe, tebur ya ji jan, ba majigi ba. Kada kuma wayar sauti ta kwanta jere da ta wuta, ita ke kawo gunjin nan a lasifika. Ko yaushe a riƙe waya ta biyu a jaka.

Game da wuta, janareto a kai shi nesa, a waje, saboda ƙara da hayaƙi, hayaƙinsa kuwa yana kisa a rufaffen wuri. A bar shi ya daidaita tukuna kafin a haɗa kaya, a kuma cika mai tun da rana. Majigi mai ƙwan fitila yana zafi ƙwarai, fankarsa ke sanyaya shi. In an kashe, a jira fankar ta tsaya da kanta kafin a zare filogi ko a ɗaga shi, in ba haka ba ƙwan ba ya daɗewa, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba. Sababbi masu fitilar LED sun fi haƙuri da wannan, amma su ma ƙura na toshe su. Da hunturu mu kan kaɗe matatar iskar bayan kowane biki, gilashin gaba kuwa da lallausan ƙyalle kaɗai a ke taɓa shi, ba da bakin riga ba.

Duk wanda ke son ganin yadda a ke auna nisan nan, ya same ni ran Asabar bayan la'asar a babban zaure. Ya zo da tef ɗin awo da alli.