Mindo, Garin da Ke Cin Abinci da Gajimare

Daga Kito, babban birnin Ikwado, tafiyar kimanin awa biyu ce a mota zuwa Mindo, kuma galibinta gangara ce. Kito na zaune a tsayin mita 2,850 a kan tsaunukan Andis. Kafin matafiyi ya isa Mindo ya sauko zuwa wajen mita 1,250, busassun tuddai sun ɓace, kurmi ya rufe hanya hagu da dama. Garin kansa ƙarami ne. Babban titi guda, 'yan masaukai da gidajen abinci, sai mutane dubu kaɗan.

Irin wannan kurmi masana na kiransa dajin gajimare, kuma sunan ya dace da shi. Iska mai ɗumi tana tasowa daga Tekun Fasifik ɗauke da danshi. Da ta ci karo da tsauni sai ta hau, ta yi sanyi, danshin ya koma hazo. Ba irin hazon hunturu mai busar da leɓe ba ne, wannan jiƙa riga yake yi. Gansakuka da tsirran da suka lulluɓe rassan itatuwa su ne ke kama shi, ya taru ɗigo-ɗigo ya sauka ƙasa ko da sama ba ta zubar da ruwa ba. Ƙasar kurmin ta shanye, ta riƙa sakinsa sannu a hankali cikin ƙoramu. Abin da ya sa ruwan da ke kwararowa daga kan duwatsun Nambillo ba ya yankewa ke nan. In aka sare itatuwan, ruwan zai zo da ambaliya lokaci guda, sannan ya ja baya.

Mai son ganin waɗannan magangarun ruwa sai ya shiga tarabita, wani kwandon ƙarfe da ke rataye a jikin waya, ya tsallaka kwari mai faɗin sama da mita 500, kogi na ruri can ƙasa. Daga nan kuma sai ƙafa, a siririyar hanya mai santsi da taɓo. Wanda ya zo da takalmin gayu zai yi da-na-sani.

Amma tsuntsaye ne suka fito da sunan Mindo. An ƙidaya fiye da nau'i 400 a yankin, kuma a 1997 ƙungiyar BirdLife International ta ayyana shi muhimmin mazaunin tsuntsaye, na farko a Kudancin Amurka. Tun kafin gari ya waye baƙi ke fita da madubin hangen nesa don su riski zakaran dutse, wani jan tsuntsu mai tukku, a wurin da mazansa ke taruwa suna tsalle da kururuwa don jan hankalin mata. A barandar masaukai kuwa ana rataye 'yan gorunan ruwan sukari. Kolibri, tsuntsun da wani bai kai babban yatsa ba, yakan zo ya tsaya cak a iska yana zuƙa, fukafukansa na kaɗawa da saurin da ido ba ya iya bi.

Akwai wani manomi a kusa da garin da a da yake saran itace. Ya yi ta haƙuri yana ajiye tana a wuri guda har wata tsuntsuwa mai tsananin kunya, wadda masana kan yi kwanaki ba su gani ba, ta saba da muryarsa. Ya raɗa mata suna Mariya. Yau daga ƙasashe masu nisa ake zuwa gonarsa, kuma gatarin ya huta.

Wannan sauyi bai zo a sauƙaƙe ba. Da katako da kiwon shanu aka san yankin, har mazauna suka matsa lamba aka killace dajin Mindo-Nambillo a 1988, kimanin hekta 19,000. Da aka zo shimfiɗa bututun ɗanyen mai daga Amazon zuwa gaɓar teku, aka ratsa da shi ta kan tudun wannan daji. Masu adawa sun kafa sansani a kan itatuwa, an kama wasunsu, amma a 2003 aka kammala bututun. Abin takaici ne, domin ƙasar tudun mai zaizayewa ce.

A 2018 UNESCO ta sanya yankin Choko Andino, wanda Mindo ke cikinsa, a jerin wuraren da take kare halittunsu. A watan Agustan 2023 kuma mutanen gundumar Kito suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 68 cikin ɗari suka amince a hana haƙar ma'adinai a ɓangaren yankin da ke ƙarƙashinsu. Sai dai Mindo na cikin wata ƙaramar hukuma ce daban, San Migel de los Bankos, saboda haka hukuncin ƙuri'ar bai kai ga dajinsa kai tsaye ba.