Aikin Lambu Na Kaka Ke Yanke Farashin Kayan Gwari A Kudu

FATAKWAL: Kowace shekara idan ruwan sama ya ɗauke a Arewa cikin watan Oktoba, 'yan gwari da ke zaune a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu sukan shiga cigiyar labarin gida: shin an zuba iri, kuma shin madatsun ruwa sun cika? Dalili kuwa shi ne, farashin kwandon tumatir da buhun albasa da za a gani a kasuwar Fruit Garden ta Fatakwal, ko ta Ose a Anacha, ko ta Ogbete a Inugu cikin Janairu da Fabrairu, a aikin lambu na kaka ake yanke shi.

Kudu maso gabas da yankin Neja-Delta ba su rasa ƙasar noma ba, amma yawan ruwa da laima kan jawo wa tumatir da albasa cututtukan ruɓa. A Fatakwal ma ruwa kan kai har Nuwamba. A Arewa kuwa busasshiyar iska da sanyin daren hunturu su ne ke sa tumatir ya riƙe fure ya ɗaura 'ya'ya, albasa kuma ta yi kai. Wannan bambanci na yanayi shi ne tushen fataucin.

Aikin farko na mai lambu shi ne renon iri. Yakan gyara ɗan gado, ya cakuɗa ƙasa da takin gargajiya, ya yafa iri, ya rufe da ciyawa don kada rana ta ƙona tsiro. Tumatir kan yi mako huɗu zuwa biyar kafin a cire shi, albasa kuwa mako shida zuwa takwas. Kafin nan an share gona, an ja fangali, an yashe hanyoyin ruwa. Da yamma ake dashe, a bi da ban-ruwa nan take. Daga dashe zuwa tsinkar fari tumatir kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wato wanda aka dasa a Nuwamba shi ke cika motoci a ƙarshen Janairu da Fabrairu.

Idan aka makara da dashe, furen zai faɗa cikin zafin Maris da Afrilu ya zube, amfani ya ragu. Idan kuma kowa ya dasa a mako guda, kaya kan fito a lokaci guda, farashi ya karye, manomi ya koma yanka tumatir yana shanya kauɗa. Saboda haka malaman gona ke ba da shawarar yin dashe kashi-kashi.

Abu na biyu shi ne ruwa. Lambunan Kadawa da Kura a Jihar Kano sun dogara ne da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Madatsar Bakolori a Jihar Zamfara da ta Goronyo a Jihar Sakkwato suna shayar da nasu yankunan, Aliero a Jihar Kebbi kuma ta yi suna wajen albasa. Shirin Fadama na ƙasa, wanda aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa a madadin jigo. Injinan nan da fetur suke aiki, don haka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar noman rani kai tsaye.

Har ila yau akwai ƙwari. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohi, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabi a duk faɗin ƙasar. Tsutsar tana ƙara yawa idan zafi ya shigo, wanda ya sa dashen wuri ya zama riga-kafi.

Bugu da ƙari, hanya tana da nata rabon. Motar da ta taso daga Kano kan bi ta Makurɗi zuwa Inugu, ko ta Lakwaja zuwa Anacha, kafin ta gangara Fatakwal. Tumatir a kwando ba ya jure jinkiri, yayin da albasar da ta bushe sosai kan yi watanni a ajiye. Irin nauyin da wannan hanya ke ɗauke da shi ya fito fili a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki: farashi ya hau a Kudu, kaya kuma suka yi kwantai a Arewa.

Ga dillalin da ke bai wa manomi kuɗin iri da taki don ya karɓi kaya a lokacin girbi, Oktoba da Nuwamba ne watannin lissafi. Abin da ya kamata ya sani shi ne ranar da aka yi dashe, da yawan ruwan da ke madatsa, da ko an ga sharon a gadon reno. Da waɗannan amsoshi uku zai iya ƙiyasta makon da kaya za su yi yawa, ya raba jarinsa tsakanin tumatir mai saurin lalacewa da albasar ajiya.