Abin Da Rauni Ke Faɗa Wa Likita

Duk wanda ya taɓa kwana a sashen taimakon gaggawa na babban asibiti ya san ba haɗarin mota kaɗai ke kawo mutane can ba. Da yawa hannun ɗan'adam ne ya ji musu ciwo, kuma likitoci sun daɗe da lura cewa masu zuwan iri biyu ne.

Na farko maza ne, galibi samari. Da dare akan kawo su daga tasha ko mashaya, da saran adda ko sukar wuƙa. Su ba su cika ɓoye abin da ya faru ba.

Na biyu su ne masu wuyar sha'ani. Mace ce za ta zo bayan kwana biyu ko uku, ta ce santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. To, amma faɗuwa gwiwa da tafin hannu takan gurje. Ita kuwa ga ido a kumbure, ga leɓe a fashe, ga shatin yatsu a wuya. Wani lokaci ƙashin hannu ne ya karye, daidai inda mutum ke tare sanda, hoton ƙashi kuma ya nuna tsohuwar karaya kusa da sabuwa. Maigidan yana tsaye, shi ke amsa kowace tambaya. Kada a ɗauka abin kaɗan ne: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun bayan cikarsu shekara 15.

Kunya da tsoro ke rufe baki, sai dai ɓoyewar na iya kisa. Wadda aka shaƙe takan tashi garau, daga baya maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya gagara. Mai juna biyu da aka nausa a ciki, mabiyiya na iya ɓallewa, jini ya taru inda ba a gani. Likitan da aka ce masa faɗuwa ce yana iya duba wani wuri dabam.

Jama'a su sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar mai bukatar taimakon gaggawa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 kuwa, wadda ke aiki a Abuja, jihohi da yawa kuma suka kafa irinta, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3, ko tara, ga mai dukan matarsa ko mai dukan mijinta. Wadda ba ta iya magana gaban mai rakiyarta, sai ta roƙi malamar asibiti a bar ta ta ga likita ita kaɗai.