GONA DA DAJI MA LAKWAL NE: MU KAMA HANNUN SAMARINMU



Ga rani ya kama. Hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gujiya. In ka shiga garuruwanmu da hantsi, samari kashi biyu za ka ji labarinsu. Kashi na farko sun ɗaure kaya sun tafi biɗa: wasu Yamai, wasu Kano, wasu Agadas, har Libiya da Aljeriya. Kashi na biyu suna zaune a fada, suna dafa shayi tun safe har la'asar. Tsofaffi kuwa suna nasu dandali daban, suna kukan cewa yaran yanzu ba su san komi ba.

To, wa ya koya masu? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji gonaki da rijiyoyi da bisashe. In tsoho ya kwanta dama da saninshi cikin ciki, ba shi kaɗai anka rasa ba. Shi ya sa a wanga wata muke kira ga kowane babba ya ɗauki yaro, nashi ko na maƙwabci, ya riƙa fita da shi gona da daji, yana nuna mashi, yana sauraren shi.

ABIN DA BA A KOYO A ZAUNE

Lakwal tana da amfani, makarantar allo tana da amfani. Ba mu ce a fidda yaro daga ko ɗaya ba. Amma akwai karatun da allonshi ƙasa ce.

Yaron da ya bi babba cikin daji yana koyon bambanta jigawa da geza da fadama da fako. Yana gane cewa inda ƙuduji ya yi yawa, gonar ta gaji, tana son taki. Yana sanin cewa zuwan shamuwa alama ce damina ta kusa. Yana koyon haƙa ƙasa da hannu bayan ruwan farko, ya ga ko laima ta isa shuka, ko kuwa a dakanta kar a yi asarar iri. Yana sanin sawun akuya da na tunkiya, da ramin da ba a sa hannu cikinshi. Yana sanin cewa ruwan tumfafiya mugun abu ne ga ido.

Haka nan sunayen itatuwa da aikin kowane. Bagaruwa ta majema ce. Ƙirya tana ba maƙera gawayi, ana sassaƙa turmi da ita. Kaba ta tabarma da igiya ce. Kalgo yana ba bisashe ƴaƴa, ɓawonshi kuma igiya ne. Wanda ya san waɗanga abubuwa ba ya shiga daji da gatari kamar baƙo.

Bayan sani, akwai hali. Gona ba ta karɓar ƙarya: kunyar da ba ka nome ba, ciyawa za ta tona maka asiri. Icce ba ya girma don kana gaggawa. Yaron da anka ba amanar tumaki 5, ya kai su kiwo ya maido su cif, ya fara sanin nauyi. Tafiya da aiki suna ƙarfafa jiki, suna kawo barci mai daɗi da dare. Saurayin da ya wuni yana aikin da ya ga amfaninshi, ba shi da lokacin masu tallar ƙwayoyin da ke lalata hankalin yara.

DARASIN SASSABEN ZAMANI

Ƙasarmu ta riga ta ga abin da koyo da ido ke iya yi. Bayan farin shekarun 1970, gonaki da yawa a jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Manomi yana sassabe ƙwal, ya sare duk wani toho ya ƙone. Iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda. An dasa itatuwa masu yawa, amma galibinsu sun mutu.

A 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostiraliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da cewa ƴan tohon da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can cikin ƙasa. Ba sai an dasa ba, gyara kaɗai suke so. Bayan yunwar 1984 dabarar ta fara bazuwa, ita ce ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka manoman Nijar sunka raya itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fito da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinshi bisa iccen da ya raya cikin gonarshi.

Ƙaƙa dabarar ta kai garuruwa masu yawa haka? Mutum ya ga gonar maƙwabci, ya tambaya, anka nuna mashi, shi ma ya nuna ma wani. Haka ta faru da tassa a jihar Tawa. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga, cikin Burkina Faso, sunka ga yadda ake haƙa ƙananan ramu bisa fako, a zuba taki, gara ta buɗe ƙasa, ruwa ya tsaya. Sunka dawo gida sunka gwada, maƙwabta sunka kwaikwaya. Gani ya kori ji.

Amma icce ya fi mutum daɗewa. Waɗanda sunka fara aikin a shekarun 1980 yau sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. In yaransu ba su koya ba, gatari guda zai iya rushe aikin shekara 40.

Kuma koyarwar ba ta da wuya. Ka tsaya da yaro gaban kututturen sabara ko kalgo. Ka ce ya zaɓi rassa 3 zuwa 5 da sunka fi ƙarfi da miƙewa. Ka tambaye shi dalilin zaɓinshi kafin ka faɗi naka. Sauran a cire su da adda mai kaifi. A riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, don kar ɓawo ya yage ciwo ya kama iccen. A rage ƙananan rassa har wajen rabin tsawo, a bar na sama. Ganyen da anka cire a bar shi bisa ƙasa, ya tare rairayi ya zama taki. Bayan ƴan watanni ku koma tare, ya ga aikin hannunshi.

Gawo kuwa yana son ido na musamman. Bisashe suna cin ƴaƴanshi, irin ya fito cikin kashinsu ya tsira a gona. Tsiron ɗan ƙarami ne ƙwarai, yaron da bai san shi ba zai datse shi da hauya lokacin noman fari. Ka duƙa ka nuna mashi ganyen. Ka kafa ƙaramin icce kusa don alama. Ka gaya mashi cewa gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare ma hatsi rana, kuma ƙarƙashinshi ne zangarniya ta fi kyau. Wanda ya bi ta Mirya, Matamaye da Magarya ya ga shaida. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya hana saran gawo da horo mai tsanani. Yau ba takobin sarki zai tsare gawo ba, sai yaron da anka koya ma darajarshi.

BAKIN DA YA RUFE A GIDA, A HANYA YAKE BUƊEWA

Akwai wani amfani da ba a cika faɗi ba. A al'adarmu akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari, wanda ko sunanshi ba a kira. Yaro ba ya kallon idon babanshi ya ce yana cikin damuwa. Sai ya haɗiye, ko ya kai ma abokan da ba su fi shi hankali ba.

Amma a hanyar gona, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai kallon idon wani. Hannu yana aiki, baki yana sakewa. Nan ne saurayi zai ce: "Kawu, ni fa ina son tafiya biɗa bana." Nan ne kawu zai ce: "To, zauna mu yi lissafi. Nawa ne kuɗin mota, wa ka sani can, wa zai nome gamanarka?" Ko ya tafi, ya tafi da shawara. Ko ya zauna, ya zauna da dalili.

Shi ya sa ba dole sai uba ba. Kawu, baba ƙarami, wa, ko amintaccen maƙwabci duk sun isa. Kaka ya fi kowa sauƙi, tun da akwai wasa tsakaninshi da jika. Marayu da yaran da ubanninsu ke ƙasar waje su ne sunka fi bukatar wanga hannu. Kar a manta da su.

ƳAN MATA FA?

Su ma haka. Mata ne sunka fi sanin ganyen daji: tafasa, yaɗiya, rama, kuka. Su sunka san yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, abincin da ya ceci gidaje da yawa a shekarun yunwa. Su sunka san yadda ake fidda mai daga ƙwallon aduwa. Yarinyar da ta bi inna ko gwaggo ta koyi wanga sani, ta koyi kiwon akuya da aikin garka, ta samu abin dogaro da kanta. Amma a lura: fita koyo daban, aiken yarinya ita kaɗai neman icce nesa da gari daban.

ABIN BA BAƘO BA NE

A Ingila, a 1907, wani soja mai suna Baden-Powell ya fita da yara 20 zuwa tsibirin Brownsea, sunka yi zango, ya koya masu bin sawu da dafa abinci da taimakon juna. Daga nan ƙungiyar sikawut ta samo asali, ta bazu cikin duniya. Mu kuwa muna da gayya tun kaka da kakanni. Muna da samariya, wadda anka farfaɗo da ita zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, inda samari ƙarƙashin sarkin samari sunka gina azuzuwa, sunka dasa itatuwa. Fadar samarin yau ma tana da shugaba da tsari. Ba a rasa samari ba, babban da zai je ya same su ne ya yi ƙaranci.

SHAWARA GA MAI FITA DA YARA

1. Ka nemi izinin iyaye, ka faɗi inda za ku da lokacin dawowa.

2. Kar yara su wuce 5 ko 6 ga babba guda. Ƴan mata su fita da mata.

3. A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take. A ɗauki ruwan sha isasshe, a sa takalmi saboda ƙaya da kunama da maciji.

4. Kar a je nesa, kuma kar a shiga inda hukuma ta hana saboda rashin tsaro.

5. A zaɓi ranar da babu lakwal. Wanda ya iya rubutu ya riƙe littafi, ya rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu.

6. Ban da duka, ban da zagi. In yaro ya sare reshen da bai kamata ba, kututture zai sake toho. Zuciyar da anka karya ita ce mai wuyar toho.

7. Yaro ba ɗan ƙodago ba ne. A ba shi abin da zai ce nashi: gamana, ko ɗan akuya, ko itatuwa 10 da zai kula da su, amfaninsu ya zama nashi.

8. Babba ma ya saurara. Yaron lakwal yana iya karanta takardar magani, ya auna gona, ya nemo farashin kasuwa ta salula.

Maigari, limami, malamin lakwal da ma'aikacin gona suna iya zama tare su tsara wanga aiki. Ba ya cin ko dala. Kar mu jira ranar dashen itatuwa ta 3 ga Agusta, lokacin sassabe ya fi kusa.

Ƴan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gobe da safe, in ka saɓa addarka, ka biya ta fada ka kira yaro guda da sunanshi, ka ce: "Taso ka raka ni gona."

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Amin.