Wuni Guda a Bakin Rafukan Ithaca

Duk ranar Litinin ta farko a watan Fabrairu, ana rufe wata doguwar hanyar ƙafa a jihar New York ta Amurka na tsawon awa 24, a duk inda ta ratsa filin wani. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ce take rufe ta da kanta. Dalili shi ne, a dokar can, idan jama'a suka shekara da shekaru suna bin wuri ba a taɓa ce musu kul ba, wata rana wani na iya tsayawa gaban alƙali ya ce ai hanya ta zama ta kowa. Shi ya sa masu tattakin suke janye ƙafarsu sau ɗaya a shekara, don mai gona ya kwana da sanin cewa gonarsa tana nan tasa. Sunan hanyar Finger Lakes Trail. An soma share ta a 1962, tsawonta ya haura kilomita 900, daga kan iyakar jihar Pennsylvania har duwatsun Catskill, kuma kaso mai yawa nata yana bi ne ta cikin gonaki da dazuzzukan mutane waɗanda suka ce "ku wuce", da yawansu da fatar baki kawai da musafaha.

Ni a Ithaca nake zaune, garin Jami'ar Cornell, wanda ke kudancin tafkin Cayuga. Cikin duk tattakin da ake fita a ƙungiyance a ƙarshen mako, wanda ya fi kwanta mini shi ne wanda ake tasowa daga gandun Buttermilk Falls, a hau tudu, a bi hanyoyin ƙauye zuwa rafin Lick Brook, a gangara, a ƙare a gandun Robert H. Treman. Rafi uku ke nan a wuni guda, kuma kowanne da irin hannun da ya kare shi.

Kafin a ɗaga ƙafa akwai 'yar hidima. Tun da ba inda aka taso za a dawo ba, sai a fara kai wasu motocin can ƙarshen tafiya a ajiye, a cunkusu cikin sauran a komo mafari. Jagora ya ƙirga kawuna, ya faɗi nisan tafiya da inda hawa ya fi tsanani, sannan ya naɗa mutum ɗaya ya riƙe baya. Wannan na bayan ba ya wuce kowa, ko da wani ya tsaya ɗaure igiyar takalmi ko ɗaukar hoto. A kowace mararraba kuma na gaba suna jira har sai an hango shi. A cikin ayarin za ka ga ɗalibai, ga ma'aikatan asibiti, ga tsofaffi 'yan fansho masu sanduna bibbiyu, kuma sau da yawa waɗannan tsofaffin su ne ke barin matasa suna haki.

Hawan Buttermilk da matakala ake yin sa, ta dutse, a gefen ruwan da ke gangarowa fari fat a kan fale-falen duwatsu. Masana sun ce dutsen nan laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin wani teku shekaru kimanin miliyan 380 da suka shige. Daga baya tarin ƙanƙara mai tafiya ya kwarfe babban kwarin da tafkin yake ciki, ya bar ƙananan rafuka a rataye a sama, dole suka yanko wa kansu hanya zuwa ƙasa. Abin da ya haifi kwazazzaban yankin ke nan. Idan ka tsaya a tsakiyar hawan ka duba ƙasan rafin, za ka ga ramuka zagayayyu, sumul, cike da ruwa kore shar. Tsakuwa ce ta faɗa cikin ɗan gurbi, ruwa ya yi ta juya ta shekara bayan shekara har ta rarake dutsen. A wani wurin kuma dutsen ya tsage a miƙe ɗoɗar, da kusurwa daidai, har baƙo ya rantse magina ne suka yanka. Tsagar ta halitta ce.

Matakalar dai aikin mutane ce. Wani attajirin garin, Robert Treman, da matarsa Laura, su suka ba jiha wannan wuri kyauta a 1924, bayan sun ba da kwazazzabon Enfield a 1920, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗebi samari marasa aikin yi ta zuba su a dazuzzuka da gandaye, a shirin da ake kira CCC. Ambaliyar watan Yulin 1935 ta yi wa waɗannan gandaye kaca-kaca, kuma samarin nan suna cikin waɗanda suka sake ɗora dutse kan dutse. Har yau a kan aikinsu ake takawa. Nakan tuna da su idan cinyoyina suka fara zafi, don su da duwatsu a hannu suka hau.

Daga saman gandun, wajen titin West King, sai yanayi ya sauya. An bar ƙarar ruwa, an fito sarari. Masu tattaki da yawa ba sa son wannan yanki, suna ganin tafiya a gefen titi cike gurbi ce kawai kafin a koma daji. Ni kuwa ina son sa, don a nan ne ake ganin masu ƙasar. Ga gidajen katako jefi-jefi, kowanne da akwatin wasiƙa a bakin hanya. Ga ingirici an naɗe shi dunƙule-dunƙule a fili, ga masara, can nesa ga dogon rumbun masu shanun madara. Ana tafiya ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, a hannun hagu, ana fuskantar motocin da ke tahowa, wanda ya fara jin ƙarar mota ya ɗaga murya ya sanar.

Wata rana, a bakin wani gida muka taras da teburi ƙarƙashin 'yar rumfa. An jera ƙwai a kwali, da tumatir, da kabewa, an rubuta farashi da hannu a jikin takarda, ga gwangwani a gefe da aka huda murfinsa. Babu kowa a wurin. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi da ke karatun noma, wanda ya biyo mu ran nan, ya tsaya yana waige-waige.

"Malam, ina mai kayan?"

Na ce masa yana gona, ko yana cikin gida. Ka ɗauki abin da kake so, ka saka kuɗin a gwangwani.

Ya yi shiru, ya zaro dala biyu ya tura a ramin, ya ɗauki tumatir, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Har muka yi nisa yana juyawa yana kallon rumfar.

Inda hanya ta bar kwalta ta faɗa gefen gona, abin da ke jagorantar mutum shi ne fenti. Ana shafa shi a jikin itace ko turke, tsaye, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Fari na babbar hanya ne, ruwan lemo na reshe. Shafi biyu, ɗaya bisa ɗaya, na nufin a kula, akwai kwana. Hagu da dama kuma za ka riƙa ganin alluna masu ruwan ɗorawa da ke gargaɗin cewa filin mai shi ne, ba a shiga. Tsakanin allunan nan aka bar maka siririn zirin da za ka bi. Ba a tsinkar 'ya'yan itace, ba a sakin kare, ba a kunna wuta, ƙyauren da ka samu a rufe ka mayar da shi a rufe. Dokar jihar ta sauƙaƙa wa mai fili, ta yadda wanda ya bari aka ratsa gonarsa kyauta ba kasafai za a ɗora masa alhakin wanda ya zame ya karye ba. Amma ba abin da ya tilasta masa. Mutum ɗaya ya zubar da shara ko ya yi wa maigida rashin kunya, gobe a wayi gari an soke izini, a mayar da hanya kan kwalta, a ƙara wa kowa nisa. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan zancen ta wata fuskar, ya ga yadda burtali ke tsukewa kowace damina, kunya ɗaya daga nan, kunya ɗaya daga can, har shanu su rasa ta inda za su bi zuwa mashaya. Hanyar da ba mai kula da ita, kuma ba yarda tsakanin mai wucewa da mai gona, ba ta daɗewa.

A titin Town Line ake shiga kurmin Lick Brook. Wannan ba na gwamnati ba ne. Mallakar wata ƙungiya ce mai zaman kanta, Finger Lakes Land Trust, wadda aka kafa a 1989, kuma wurin yana ɗauke da sunan Moss Sweedler, malamin lissafi a Cornell, wanda filin ya fito daga hannunsa a 1993. Irin waɗannan ƙungiyoyi hanya biyu suke bi. Ko dai su tara gudummawa su sayi fili su bar shi yadda yake, ko kuma su ƙulla yarjejeniya da mai fili: gona tana nan tasa, ya noma, ya bar wa magada, ya sayar in ya ga dama, amma an rubuta a takardar filin cewa ba za a yanka shi fuloti-fuloti a cika da gine-gine ba, kuma sharaɗin yana bin duk wanda ya saya har abada. A ganina wannan ta biyun ita ce dabarar da ta fi, don ba ta kori manomi daga ƙasarsa ba.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ɗan rafin da a lokacin zafi yaro ma zai tsallake? Saboda duk rafukan nan uku a kogin Cayuga Inlet suke zubewa, shi kuma ya kai tafki, tafkin da dubban mutane ke sha. Bakin rafin da ke da itatuwa yana riƙe ƙasa, yana tace takin da ruwan sama ya kwaso daga gonaki. Inda aka sare su, laka da taki su wuce kai tsaye. A 'yan shekarun nan, lokacin zafi, wata koriyar gansakuka mai guba takan taso a tafkin har a hana wanka a wasu gaɓoɓi, kuma takin da ke kwararowa yana cikin abubuwan da ke ciyar da ita.

Kurmin kansa ba tsohon gaske ba ne a yawancin wurare. A dazuzzukan yankin kana tafiya sai ka ci karo da katangar duwatsu ta miƙe a tsakiyar itatuwa, ko tsohuwar bishiyar tuffa ita kaɗai. Gonaki ne a da. A ƙarni na 19 an sare mafi yawan dajin jihar, daga baya manoma suka bar tuddai marasa albarka suka tafi, daji ya dawo da kansa, har yau ya rufe fiye da kashi 60 cikin ɗari na jihar. A gangaren kwazazzabo, inda garma ba ta iya zuwa, nan ne manyan itatuwan hemlock suke, masu duhun inuwa da ke sanyaya ruwa. Jagorarmu, wata dattijuwa, ta kamo reshe ɗaya ta juya shi ta nuna mana ƙasansa: ɗigo-ɗigon fari a gindin kowane siririn ganye. Wani ɗan ƙwaro ne da ya shigo gabashin Amurka daga Japan, aka fara ganin sa a jihar Virginia a 1951. Yana tsotse itacen a hankali har ya bushe. Masana a Cornell suna sakin wasu ƙwari masu cin sa, ana kuma yi wa zaɓaɓɓun itatuwa magani ɗaya bayan ɗaya. Dattijuwar ta saki reshen a hankali, ba ta ƙara cewa komai ba.

A nan akan zauna cin abinci, kowa da ƙunshinsa, kowa kuma ya mayar da ledarsa jaka, don babu kwandon shara. Ni da ɗan'uwana muka yi alwala da ruwan rafin, mai sanyi har cikin haƙori, muka yi azahar a kan wani falalen dutse. Sha dai ba a yi sai an tace, komai kyan ruwan a ido, saboda ƙwayoyin cutar ciki.

Gangarowa daga Lick Brook tana da tsayi, gwiwa ce ke biyan kuɗinta. A ƙasa akwai layin dogo, da kogin, da babbar hanya mai lamba 13. Wannan shimfiɗaɗɗen kwari yana da tarihin da bai kamata mai wucewa ya tsallake ba. Ƙasar mutanen Cayuga ce, ɗaya daga cikin al'ummun haɗaɗɗiyar daular Haudenosaunee. Kusa da nan akwai wani ƙauye, Coreorgonel, na mutanen Tutelo da suka samu mafaka a wurinsu. A watan Satumbar 1779, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, sojojin Janar Sullivan suka ƙone shi tare da ƙauyuka da gonaki masu yawa na yankin, daga baya aka yanka ƙasar aka raba wa tsofaffin sojoji a matsayin ladan yaƙi. Takardun filayen da muke yaba wa masu su don sun bar mu mun wuce, daga wannan rabon da yawansu suka samo asali. Ina girmama karamcin manoman yau, kuma ina ganin wajibi ne a faɗi wannan tare da shi.

Masu sauran ƙarfi sukan ƙarasa cikin kwazazzabon Enfield har magangarar Lucifer, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 35, su wuce zuwa tsohon injin niƙa da ke sama. Saura su tsaya a ƙasa, su cire takalma su tsoma ƙafa.

Wanda ke sha'awar wannan tafiya ya lura da lokaci. Da hunturu ana rufe hanyoyin cikin kwazazzabai saboda santsin ƙanƙara da faɗowar duwatsu. Da kaka, lokacin farautar barewa, wasu masu filaye kan rufe nasu yankin, inda aka bari a buɗe kuma sai da riga mai ruwan lemo mai haske don maharbi ya gane mutum ne. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje in an goge ta. Sai kuma kaska, wadda ta fi komai damun mutanen yankin, don ita ke ɗauke da cutar Lyme, mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ƙarama ce ƙwarai, sai an ƙura ido, cizonta kuma ba ya zafi. Shi ya sa ake cusa ƙafar wando cikin safa tun da safe, kuma kafin a shiga mota kowa ya duba ƙafafunsa, ya juya wa na kusa da shi baya a duba masa wuya da bayan kunne. In an same ta ta kama, da ɗan hantsaki ake cafke ta dab da fata a ja a miƙe, a rubuta ranar, in zazzaɓi ko jan zobe ya fito a wurin cikin makonnin da ke biye a tafi asibiti.